Ƙarshen Kaset a Shagonmu

Mu biyu ne a shagon, ni da yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har ya yi mini aure. Shagon nasa ne, a bakin kasuwar Daura, kusa da inda motocin garin Babban Mutum ke lodi. Kaset muke sayarwa, na karatun Alƙur'ani da na wa'azi.

Da farko ba wani ciniki ake yi ba. Sai Yaya ya kafa lasifika a ƙofar shago ya saki karatu, mutum ya tsaya ya saurara, ya tambayi kuɗi, ya ce zai dawo. Rabinsu ba sa dawowa. Amma shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kasuwar ta juya mana da fuska. Kowa yana son ya ji abin da malamai ke cewa a kan zakka, a kan gado, a kan ciniki. Direban da a da kiɗa ne ke tashi a motarsa ya koma neman tafsiri, ko don Allah ko don idon fasinja, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Masu fataucin dabbobi daga Mashi da na ƙetaren iyaka su kan sayi goma-goma su tafi da su tsaraba.

Yaya ya je Kano ya sayo na'urar kwafi mai ɗaukar uku a lokaci guda. Ni ke kwafa, shi ke rubuta suna a jikin kowane kaset, da boko a sama da ajami a ƙasa, saboda mutanen ƙauye. Ba ya yarda kaset ya fita shagon sai ya saurari farkonsa da ƙarshensa. Ni kuwa wannan abin yana ba ni haushi, don mai saye yana tsaye, ni jinina yana tafasa, shi yana can ya kanga kunne a rikoda kamar ba gobe.

Da aka ga muna samu, sai shaguna suka yi ta tsirowa a layinmu. Wanda jiya yake sayar da batir, yau ya zama mai kaset. Aka shiga karya farashi. Ciniki bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, kowa yana jan nasa rabon. A wannan zamanin Yaya ya fi kowa, domin mutane sun san kaset ɗinsa ba ya cin zare, murya kuma ba ta rawa. A nan ya yi gida, a nan ya sauke farali. Idan ya ratsa kasuwa, gaisuwa ce ta ko'ina.

Ni na fara ganin alamar. Motocin da ake shigowa da su suka zo da abin saka faifai. Bayan faifan kuma sai waya mai memori ta shigo hannun mutane. Wata rana wani direba, tsohon mai sayenmu, ya nuna mini ɗan abin nan da bai kai farcen babban yatsa ba, ya ce tafsirin azumi gaba ɗaya yana ciki. Na juya na dubi kantocinmu cike da kaset. Na gaya wa Yaya, ya ce yayi ne, zai wuce, talaka ba zai bar rikodarsa ba.

Sai ga shi ya dawo daga Kano wata Laraba da mota cike da kwalaye. Ya sami kaset marar komai a kan kuɗin da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba, ya kwashe duk abin da dillalin yake da shi. Fuskarsa cike da murna, yana ganin ya yi wa sauran 'yan layi wayo. Ni kuwa na san ba alheri ne ya sa dillalin ya karya ba, neman kai yake da kayan da suka mutu a hannunsa. Na faɗa masa haka, kuma ban faɗa da ladabi ba. Ya dai ce in taya shi saukewa.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma azumi yana tafe, kuma tun da muka fara sana'ar azumi bai taɓa ba mu kunya ba. Wata biyu muka yi muna kwafa, ya cika kaset ɗin nan kaf da karatun Alƙur'ani da tafsiri, ya bi kowanne ya rubuta masa suna da hannunsa. Azumi ya zo ya wuce. Abin da muka sayar bai kai kwali biyu ba, su ma tsofaffi ne suka saya. Har masu gyaran rikoda sun daina samun kayan gyara.

Bayan sallah na kawo shawara. Na ce in sayo kwamfuta mu riƙa tura wa mutane karatu a waya, abin da matasa suka fara yi a tasha ke nan, kuma suna samu. Amma shagon ƙarami ne, kwalaye sun cika shi har rufi. Na ce a kira mai kura ya kwashe su ya kai juji.

Ban taɓa ganin Yaya ya dube ni irin kallon ranar ba. Ya ce, “Juji? Ka san abin da ke cikinsu kuwa?”

Na sani mana. Amma idona ya rufe da neman wuri, na ce ai roba ce da zare. Ya ce takarda ma ai takarda ce, me ya sa ba ma jefar da ita idan da aya a jiki? Sai na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce so yake mu mutu tare da kayan da duniya ta wuce. Maƙwabta suka leƙo. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Washegari ya je wurin wani malami a unguwarmu. Malamin ya ce masa yana iya binnewa a wuri mai tsarki, ko ya ƙona, ko ya goge abin da ke ciki. Ƙona roba mai yawa haka ba zai yiwu a cikin gari ba, binnewa kuma a gona garma za ta tono su wata rana. Sai Yaya ya zaɓi gogewa.

Wanda bai san kaset ba ba zai gane nauyin wannan aikin ba. Sai ka saka shi a na'ura, ka ɗora masa shiru daga farko har ƙarshe, ka juya bayansa ka sake. Uku-uku na'urar ke ɗauka, kuma sai an kawo wuta. Na ce in taya shi, ya ce a'a, shi ya saka, shi zai cire. Kullum da safe zai buɗe shago ya zauna a gaban na'urar. Idan ya goge, sai ya saurari farko da ƙarshe don ya tabbata babu sauran harafi, sannan ya jiƙa tsumma ya kankare sunan da ya rubuta. Mutane su wuce su gaishe shi, su tambayi me ake kwafa, ya ce aiki ne kawai. Ni ina gefe ina kallon mutum yana warware aikin hannunsa ɗaya bayan ɗaya, tausayi da haushi suna cina tare. Damina ta shigo ta fita yana kai.

Ranar da ya gama, ya jera kwalayen a waje, ya share shagon da kansa. Ya ce, “Yanzu kam roba ce, kai ta inda kake so.” Ya miƙo mini makulli. Na ce ai tare za mu yi sabuwar sana'ar, zan koya masa, ba ta da wuya. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun nan, kuma gonar da ke hanyar Babban Mutum ta daɗe tana neman mai ita.

Na sami abin da nake so. Na saka kwamfuta, na kafa benci a waje don masu jira, kuma Allah ya sa albarka. Na kuma san wannan ma lokacinsa ƙidayayye ne, don tuni wasu suka fara sauko da karatu da kansu ba tare da sun zo wurina ba. Abin da ban yi tsammani ba shi ne shagon zai yi mini faɗi haka. Muna haɗuwa da Yaya a gida, a masallaci, a wurin suna da jana'iza, yana yi mini fara'a kamar kullum, bai taɓa tayar da maganar ba. Amma ƙafarsa ba ta ƙara taka cikin shagon ba.

Sai wata ranar kasuwa, ina tsakiyar aiki, na ɗaga kai na hango shi zaune a ƙarshen bencin, tsakanin wani ɗan acaɓa da wani mai kayan gwari. Ya rame, rana ta ƙona shi. A hannunsa akwai wata 'yar waya da 'yarsa ta saya masa, yana so a saka masa karatu. Na miƙe da sauri har kujera ta faɗi, na ce, “Haba Yaya, shigo mana, ai shagonka ne.”

Ya yi murmushi, bai motsa ba. Ya ce, “A'a, ci gaba da aikinka. Sallami waɗanda suka riga ni.”