Koren Motar Babanmu

Hoto ɗaya ya rage mana na motar Babanmu, shi ma baƙi da fari. Irin dogayen motocin Amurkan nan ce masu ƙofa biyu, in ya tayar da ita duk layinmu a Utaibiyya sai an san ya fita. An sayar da ita ina goye.

Bayan rasuwarsa, yayana ya jawo gawar irinta daga tashlih, inda ake jibge matattun motoci, ya kai garejinsa a Ka'akiyya. Shekara biyu yana fama. Ni kuwa tsiya nake masa: "Yaya, wannan ko kaji ba sa kwana a ciki!" Amma injin ya tashi, kujeru suka zauna, sai fenti.

Nan aka yi cirko-cirko. Umma kaɗai ta san launin, ta ce kore ne. To wane koren? Yaya ya kawo gutsattsarin kwano har bakwai, kowanne da nasa koren. Ta ɗaga su a rana, ta ajiye.

"Ba shi ba ne."

Yaya ya ce, "Haba Umma, halas, ya isa haka, ki zaɓi ɗaya mana!"

Sai ta ce, "Tsoro nake ji ko na manta ne. Kwanan nan ko fuskarsa sai na yi da gaske take zuwa min." Mu muna ta mota, ashe ita mijinta take gudun ya ɓace mata.

Wata Juma'a muna kwashe mata kayan sanyi daga tsohon akwatin ƙarfenta, ta dafa cikin murfin ta tsaya. Ashe Baba ya taɓa gogar katanga da motar, da aka gyara ya shafe mata akwatin da ragowar fentin. Wajen ya koɗe, cikin kuwa rana ba ta taɓa ganinsa ba. Yaya ya kwance murfin ya kai wa mai haɗa fenti a Rusaifa.

Ranar da ya kawo motar, da la'asar, na riƙo hannun Umma muka sauko daga bene. Ta zagaya ta sau ɗaya, a hankali, tana shafa ta. Yaya ya buɗe mata ƙofa, ta girgiza kai.

"Ba shiga zan yi ba. Matsar da ita ƙarƙashin tagata, can yake ajiye ta. Daga sama na saba ganin ya fito."

Ta saki hannuna ta kama matakala ita kaɗai, tana sauri.