Hannun da Baba Ya Ɗaure

Jama'a, wata bakwai ban ce muku uffan ba. Masu tambayar ina ci gaban zanen balbelar nan, ga amsarku.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin na yi ina malamin gona a Zabarmari. Da gona ta zama wurin da sai an bar wasiyya ake zuwa, na dawo Umarari na zauna. Zama ya ishe ni, na koyi zane mai motsi a kwamfuta da furfurata. Matasa sun fi ni iya na'ura, amma na fi su sanin yadda balbela ke ɗaga ƙafa a cikin shinkafa.

Wata Talata ina dawowa daga Kasuwar Litinin a keke-napep, muka iso shingen sojoji. Kun san ƙa'ida: a sauka daga keke, a wuce hannuwa a sama. Na hagu ya tashi. Na dama ya ƙi.

Soja ya ce, "Baba, ɗaga ɗayan."

Na buɗe baki in yi bayani, magana ta fito kamar kunu. Allah ya sa bakina da ya karkace ya fara gani. Shi ya mayar da ni cikin keken, ya ce a kai ni asibiti.

Shanyewar ɓarin jiki, in ji su. Awon jini safe da yamma, ƙarin ruwa, hoton ƙwaƙwalwa da ya cinye ragon layyarmu. Sati uku matata na juya ni kamar masa a tanda.

Likita ya ce, "Baba, ƙafa za ta dawo. Hannu kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba."

Taku ɗaya na balbela zane goma sha biyu yake ci. Ni kuwa cokali ya gagare ni. Na sa aka naɗe kwamfutar da zani, aka tura ƙarƙashin gado. Rikici ya ƙwace min gona, ciwo ya ƙwace abin da na rarrashi kaina da shi. Allah ya yafe min, akwai ranakun da na ji haushin haƙurin sojan nan da bai harbe ni ba.

Sai yayata, Ya Kaltum, ta zo dubiya, ta tarar ana ba ni abinci a baki.

Ta ce, "Bukar, kai fa bahago aka haife ka. Baba ne ya riƙa ɗaure maka hagun da tsumma har ka koyi ci da dama. In ya fita, ni ke kwance maka."

Na ce, "Ya, ban tuna ba."

"Kai ne ka manta. Tambayi hannun."

Ta cusa min fensir. Na zana balbela. Ta kalla ta ce, "Wannan ai buta ce mai ƙafa." Na yi kuka, ita tana dariya.

Yanzu ina takawa da sanda, ina zuwa gashin ƙashi sau biyu a sati. Hannun dama yana kwance a cinyata kamar baƙon da ba ya jin yare. Aikin sati ya koma na wata biyu. Balbelar ɗingishi take yi, kuma na bar ta haka. Ban sani ba ko zan kai ta ƙarshen gonar.

Na gode wa Allah, da matata, da Ya Kaltum, da sojan da ban san sunansa ba.

Ku riƙa auna hawan jini. In bakin mutum ya karkace, kada ku ce iska ce, ku kai shi asibiti a lokacin.

In kuma ɗanku bahago ne, ku koya masa ci da dama, amma kada ku ɗaure hagun. Wata rana shi kaɗai zai rage masa.