Tofin Baba ba yawu

Jiya na shiga ɗakin Baba a Daura, na tarar ya dafa kan 'yata mai zazzaɓi yana mata addu'a. Da ya zo tofawa, iska kawai ta fito.

Tun da aka yi masa gashin ciwon daji a maƙogwaro yawunsa ya ƙafe. Goro ya gagara, tuwo ma sai da miyar kuɓewa yake wucewa.

Na ce, "Baba, in kawo ruwa ka jiƙa baki ka sake?"

Ya ce, "Bar shi, Rabi. Wanda nake roƙo bai taɓa tambayata yawu ba."



Masu jinyar irin wannan, yawun yana dawowa kuwa? Baba ya daina tambaya, ni ce na kasa.