Ajin Asabar na Yaya Hannatu

Shekara tara ke nan da muka kai yayata Hannatu makwancinta a Tibiri, amma sai bana na iya yin rubutu a kanta da hankali kwance. Kewar tana nan yadda take. Abin da nake tsoron zai bi ta kabari ne ya tsira.

Ga wanda bai san ta ba, tela ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ba ta da takardar shaidar kiɗa daga ko'ina. Kowace Asabar da hantsi takan rufe keken ɗinki, ta tara yaran majami'armu a rumfa, ta koya musu waƙa. Wani sa'in ta ɗora su a amalanke har Jiratawa su ɗebo yumɓu a bakin gulbi, kowa ya gina tulun da zai riƙa bugawa. Tulunan sukan fito a karkace, wani kamar kabewar da aka zauna a kanta, amma ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba. Takan ce Wanda ya gina mu da ƙasa bai yar da mu ba, alhali ba duka muka fito daidai ba. In za ta faɗi haka, ni take kallo.

Dokar ajinta guda ce: yaro in yana waƙa, sai ya ji muryar na kusa da shi fiye da tasa. Wanda bai ji ba, ihu yake yi, sai ya sassauta. Haka ɗan mai kuɗi ya koyi rage murya saboda ɗiyar mai wanki, kafin ma a karanta masa umarnin ƙaunar maƙwabci. Da aka karanta masa daga baya, bai zo masa baƙo ba.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta leƙo mu yau. Mun sayi piyano mai kiɗa da kansa, da lasifika wadda ake ji har bakin titi. Ran da aka ɗauke wuta, sai jama'a su tsaya cak a tsakiyar baiti suna kallon juna, kamar an ɗauke yabon tare da wutar. Na san ba za ta yi faɗa ba. Dariya za ta yi, ta tafa hannu sau biyu, yara su ɗauka daga inda manya suka yar.

Bayan rasuwarta, Talatu, ɗaya daga cikin yaran da ta koyar, ta riƙe ajin. Sai bara sakamakon jarrabawar burebe, ta kammala ƙaramar sakandare, ya fito, yaranmu da yawa suka faɗi a lissafi. Iyaye suka ce a mayar da safiyar Asabar ta zama ta darasin lissafi, a rufe ajin waƙa. Ba na zarginsu. Uban da ya wuni a kan kabu-kabu don ɗansa ya yi lakwal, wato boko, yana da ikon tambayar abin da tulu zai ƙara masa.

A taron dattawa, Baba Ayuba, mafi tsufanmu, ya miƙe ya ce, "Ku gaya mini, wace jarrabawa ce ake tambayar yaro ya rera waƙa? Ɗiyanmu na faɗuwa, mu muna tafi!"

Talatu ta rusuna ta ce, "Baba, a raba safiyar mana. Lissafi da farko, waƙa daga baya."

"Wa zai koyar? Ke?"

"A'a, Baba. Ga Mushe nan zaune, tun da ya ajiye alli ba abin da yake sai gyara wa mutane magana."

Aka kwashe da dariya, aka juyo kaina, don ni ne Mushen, yadda ake kiran malamin makarantar boko a nan. Na zo taron da dogon jawabi a kan darajar fasaha, na koma gida da aikin da na yi murnar rabuwa da shi. Baba Ayuba ya amince a gwada shekara guda, ya gani.

Shekarar ta cika a watan jiya, kuma dattawa sun bar ajin. Ba zan ce waƙa ta ci wa kowa burebe ba. Ni malamin lissafi ne, ba na faɗin abin da ban auna ba. Abin da na gani dai, yarinyar da ba ta iya ɗaga kai a gaban allo ita ke ba da waƙa, kuma kwanan nan ta fara ɗaga mini hannu. Baba Ayuba kuwa yakan zo ɗaukar jikansa tun lokaci bai yi ba, ya tsaya jikin danga, leɓɓansa na motsi.

Yaya ba ta bar gini ba, ba ta bar waƙar da ake kira da sunanta ba. Ta bar yara masu saurare, waɗanda suka girma har suka iya tsayawa gaban dattawa cikin ladabi su ceci abin da aka ba su. Ya ishe ni.

Asabar da ta wuce, da na share allo, na roƙi Talatu ta bar ni in shiga sahun masu waƙa. Ta saurare ni baiti ɗaya, ta ce, "Mushe, Allah ya ba kowa baiwarsa. Riƙe lissafin."