Fatan Alherin Shitu da Sifaniyanci

Shitu Dogara mutum ne da ƙafarsa ba ta san zama ba. Yana saurayi ya bar Kano, ya yi tallan atamfa a Duwala, ya tsallaka Malabo ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, Najiba. Ba ta yi wayo ba ya ce zai leƙa birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya dawo. Leƙawar ke nan har yau, furfura ta cinye masa gemu yana ɗaure wa 'yan Kano kaya a unguwar Liwan.

Turanci da Sinancin ciniki duk suna bakinsa. Yaren 'yarsa ne ya rasa, don da Sifaniyanci, yaren boko a Malabo, ta yi karatu, da shi ta girma. In ya kira waya, uwarta ce tafinta. Da uwar ta rasu, sai hirar ta koma gaisuwa da shiru, abin yana cin ransa.

Da ya ji Najiba ta kusa haihuwa, sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya samo wata ɗaliba 'yar Sin mai karatun Sifaniyanci a unguwar Tianhe, ya ce fatan alheri kawai za ta koya masa: ki samu sauƙi, ki yi barci lafiya. Ta ce ai wuri mai wuya ya zaɓa, domin in za a yi fata, wasu kalmomin cikinsu ke sauyawa, dormir, wato yin barci, ya koma duermas.

"Wane irin yare ne wannan, kalma ba ta zama yadda aka bar ta?" in ji Shitu. Ji mai magana, kamar shi ya taɓa zama inda aka bar shi!

Haka ya dinga ƙunƙuni a jirgin ƙasa daga unguwar Panyu, yana ɓatawa yana gyarawa, fasinjoji suna matsawa gefe.

Ranar suna ya kira Najiba ta bidiyo daga cikin sito. Ya jero fatansa kaf, bai yi tuntuɓe ba. Najiba ta yi dariya, ta share hawaye, ta gyara jaririn a kafaɗa. Sai ta yi magana da gurguwar Hausar da ta tsinta wurin maƙwabta.

"Baba, na gode. Yaushe kana zuwa?"

Ya buɗe baki zai ce sai ya gama loda wannan kwantena, kunya ta rufe shi. Ta jira, ta ƙara jira. Jaririn ya fara kuka, ta ce sai an jima.