Tabarma uku a tsakar gidan Iya

Har gobe ban yafe wa ƴaƴan Iya ba. Suna zaune a Damagaram da Yamai, ta waya suka ba ni umurni a shekarar korona: in rufe ƙofa, kada kowa ya shiga wurin uwarsu. Ba wanda ya tambaye ni yadda tsohuwar take cin abinci, alhali ni ke mata wanka, ni ke dafa mata, ni ke yanke mata farce.

Iya ba ta taɓa cin na rana ita kaɗai ba. Tun kafin in fara aiki a gidan, ƙawayenta biyu ke zuwa bayan azahar su sa hannu a kwano ɗaya. Akwai Hajiya, wadda ke da garkar dabino a kwari, kunnenta ya yi nauyi. Akwai Inna mai kanwa, ita kaɗai ce mai sauran haƙora a cikinsu, don haka duk tsokar da ta gagari biyun gabanta ake turawa.

Na rufe ƙofar, don ni ma tsoro nake ji. Ni ke zuwa kasuwa, in cutar za ta shiga gidan a jikina za ta shiga. Na ɗaure hanci da ƙyalle, na wanke hannu har fatar ta yi fari. Cuta ba ta shigo ba, amma Iya ta daina ci. Ta kan dubi tuwo ta kau da kai. Na yi mata miyar kuka, na dama fura da nonon Alakos, duk a banza.

"Iya, ko loma ɗaya."

"Ke ƴar nan, ɗauke. Ni fursuna ce da za a turo mini kwano?"

Ranar da na ga zanenta ya zagaye ta har ya yi saura mai yawa, na ce yunwa za ta riga cutar. Na tafi likita. Da ma da furfura a kaina na shiga lakwal, makarantar manya, na koyi karatu, saboda haka na tsaya na karanta takardar korona da ke bango da kaina, baƙi bayan baƙi, sannan na tare majo mai duba marasa lafiya na faɗa masa halin da muke ciki. Ya ce abin gudu shi ne matsuwa a ɗaki, da haɗa hannu, da mai tari. In a fili ne, da rata a tsakani, kowa da kwanonsa, haɗarin ya ragu ƙwarai, ko da bai ƙare ba.

Na dawo na shimfiɗa tabarma uku a inuwar zana, na auna tsakaninsu da taɓarya, tsawo biyu biyu. Na aika wa tsofaffin cewa mai tari ta zauna gidanta. Suka zo cikin turare kamar ranar biki. A bakin ƙofa na tsare su da buta da sabuni.

"Ni za ki koya wa wankin hannu?" in ji Inna. "Na yi alwala kafin a haifi uwarki."

"Inna, alwala ta Allah ce, wannan tawa ce. Miƙo."

Iya na hango su ta yunƙura za ta tashi. Na ce kowa ta tsaya a tabarmarta. Sai gaisuwa ta koma ihu saboda Hajiya, rabi da Hausa rabi da Barbarci, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Kin rame!" in ji Hajiya.

"Ke kuma kin ƙara muni!" in ji Iya.

"Me ta ce?"

Inna ta ce, "Ta ce kin yi kyau!" Dariya ta sa na zauna a kan turmi.

Rigima ta tashi a kan nama. Iya ta ɗaga tsokarta ta ce in kai wa Inna. Na ce abin da ya taɓa hannu ba ya ƙetare tabarma, kuma na riga na zuba wa Inna masu tauri tun daga tukunya.

"To wannan fa?"

"Taki ce, Iya. Na dafa ta har ta narke."

Ta harare ni, ta jefa a baki, ta mamula tana zagina. Ta bi da loma, ta ƙara wata. Suna gulmar surukai tana ci, ba ta ma san ta sauke kwanon ba sai da yatsunta suka taɓa ƙarfe. Ta lashe su, ta ce gishirin ya yi kaɗan.

Da la'asar babban ɗanta ya kira. Ban ɓoye ba, na faɗa masa duk abin da na yi da abin da majo ya ce. Ya fara faɗa, Iya ta ɗaga murya daga inda take: "Ce masa na ƙoshi! Ce masa gobe dambu nake so, da zogale!" Sai ya sauko, ya ce in kula da ratar, ni ma in kula da kaina.

Washegari da sassafe na ɗaure ƙyallena, na gangara kwari tun kasuwa ba ta cika ba, na tsinko zogale cikin kwando, na mutum uku.