Muryar Matata Tana Ɗakin Baya

Tun ranar da aka loda kaset-kaset ɗin laburaren nan a mota aka zubar, wai an kwafe su a na'ura, nake cewa an yi ganganci. Babu wanda ya tanka mini sai ke, Malama. Yanzu ke ma kin yi shiru.

Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, maigadin laburare ya same ni a rumfata ya ce kin rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni ban yi karatu ba. Wannan ma faɗa nake, maƙwabcina tela yana rubutawa.

Ke kika bi gida-gida kina ɗaukar muryoyin tsofaffin masu sana'a. Matata ungozoma ce, ta ba ki labarin aikinta har da dariyarta. Bayan rasuwarta, duk sanda kewa ta taso mini sai in zo. Ki ja mini kujera, ki maƙala mini abin saurare a kunne, ki ce, "Baba sarkin rigima, ga mutuniyarka." Sannan ki juya baya don kada ki ga idona.

Kin taɓa ce mini, "Baba, na'urar nan dabba ce a turke, ko ba ta aiki sai ta ci. Ga wuta, ga sanyi, ga gyara, in ta tsufa kuma a kwashe a kai sabuwa." Waɗanda suka kawo ta sun ɗauki hoto sun tafi. Ke kaɗai kika yi ta hawa matakalar ofishin sama kina roƙon kuɗin kula da ita, har ƙafa ta gaza.

Jiya na je. Ɗakin baya, inda na'urar take, a kulle, injin sanyi ya mutu, na dafa ƙofar na ji ɗumi. Wanda aka ɗora a kujerarki ya gwada kunna muryar wani maƙeri. Tsohon ya fara magana, ya tsaya a tsakiyar kalma, bai ƙara ba. Sabon ma'aikacin ya ce ko a gwada ta matata. Na riƙe hannunsa, na hana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba maigidanki da 'ya'yanki haƙuri.

Ku kuma na ofishin sama, "ana dubawa" ta ishe ni. Wa zai ɗauki abin da baiwar Allahn nan ta sauke? Gobe ina gindin matakalarku, kuma ba zan tashi ba sai waninku ya sauko ya dubi idona ya faɗa mini ko matata tana ciki har yanzu.